Yadda Na Ɓata Bizar Baba Saje

Ku yaran yanzu gani kuke duk mai waya a hannu ya iya cike fom ɗin biza. Ina jin ku, wani lokacin ma a bakin shagona kuke faɗa: wai me Anti Saratu take yi in ban da danne-danne ta karɓi kuɗin mutane. Ba na jin haushi, don ni ma da nake kamar ku haka na ɗauka. Amma na fi shekara talatin ina aikin takarda a garin nan na Zuru, kuma ina gaya muku dannawar ita ce mafi sauƙi a ciki.

Takardar farko da na buga ta neman fansho ce, ta wani tsohon kofur daga Mahuta. Lokacin ina koyon aiki wurin Malam Garba Akawu, mutumin Jega, mai teburi a gindin dogon yaro kusa da gidan waya. Kayan aikinsa ba yawa: tafireta mai nauyin tsiya da ni nake ɗauko ta a ka kullum da safe, takardar kabon, reza ta kankare kuskure, da tsohon buroshin haƙori da muke tsomawa a kananzir mu wanke haruffa. Kofur ya faɗa mini lambarsa ta soja, na buga, na zaro takarda ina jin kaina. Malam ya duba, ya ɗago kai.

"Ke Saratu, ina kinka ga lambar ga?"

"Shi ya faɗa mini, Malam."

"Bakinai za a kai hedikwata ko takardatai? Karɓo littafin sallama ki duba."

Na karɓo, na duba. Kofur ya juya lambobi biyu, mutumin da ya yi shekara ashirin yana amsa wannan lamba a fareti. Malam ya sa na sake bugawa tun daga farko, kofur na zaune yana kallona. Ranar ya kafa mini dokar da ya yi ta maimaitawa har na bar hannunsa: kada in buga abin da ban gani da idona a takarda ba, ko da uban da ya haife ni ne ya faɗa.

Aikin biza daga baya ya zo. Garinmu garin sojoji ne, kuma soja ko bai tara komai ba yakan sa yaransa a makaranta. Yaran suka girma, wasu suka zama nas-nas, wasu injiniyoyi, suka watsu ƙasashen waje, suka fara aiko wa iyaye cewa su zo su ga jika, su zo bikin gama karatu. Tsofaffin da na saba buga wa takardar fansho su ne suka dawo mini da fasfo sabo fil a cikin leda. Na ajiye tafireta na koyi kwamfuta da girmana. Yanzu ina da firinta, da na'urar ɗaukar hoton takardu, da janareta, da farin ƙyallen da nake ratayawa a bango don hoto, da layukan waya na kamfani biyu. Wanda bai taɓa kaiwa shafi na tara a fom ba, sabis ya ɗauke, ya dawo ya tarar komai ya goge, ba zai gane dalilin layi biyu ba.

Wani manomi daga Bena ya taɓa zuwa da matarsa, ɗansu ya gayyace su. Mutumin yana da rumbunan dawa huɗu, da shanun noma, da gonar da sai ka gaji da tafiya ba ka kai ƙarshenta ba, amma ba shi da ko ƙyallen takarda da ya nuna nasa ne. Su kuwa masu ba da biza, duk tambayoyin nan da kuke gani shafi bayan shafi, abu ɗaya suke son sani: in ka je za ka dawo? Ba su san rumbu ba. Sai da na hau mashin na je har Bena na ɗauki hotuna, muka karɓo takardar shaida daga hakimi, muka nemo rasit ɗin taki na shekaru. Bayan haka tsofaffin suka kama hanyar Kontagora zuwa Abuja, wuni guda a mota, don a ɗauki hoton yatsunsu na minti biyar. In aka hana ka, kuɗin fom ba ya dawowa, na mota ba ya dawowa, kuma babu wani ofis da za ka shiga ka ce a saurare ka. Takarda ce za a aiko maka, ka karanta ka haɗiye. Manomin Bena ya samu, ya je, ya dawo yana cewa abincinsu ba gishiri.

Irin waɗannan na yi su da yawa, har sunana ya kai Mahuta da ƙauyukan bayanta. Kuma a daidai lokacin da nake ganin na gama sanin aikin ne na yi kuskuren da ya kusa rufe mini shago.

Baba Saje Bitrus ya shigo wata Litinin da matarsa Mama Talatu, shi da sandarsa ta ƙarfe, ita da fasfo biyu ɗaure a bakin zane. Tare suka yi soja da mahaifina, a bariki ɗaya na tashi ina ganin sa. Da ya yi ritaya ya koma gonarsa a Manga. 'Yarsu Rahila nas ce a wata ƙasa ta Turai, ba sai na faɗi sunanta ba, kuma za ta yi aure a can bayan Ista. Ta ce ba za ta shiga coci ba sai Baba ya riƙe hannunta ya miƙa ta.

"Saratu," in ji Baba Saje, "an ce ke ce mai buɗe hanyar Turai. Ɗiyata za ta yi aure. Ki yi mana abin da ake yi."

Na yi musu hoto, na duba fasfo, na duba takardar fansho, komai tsaf, don Baba mutum ne mai ajiya. Da na zo gurbin da ake tambayar mene ne tsakaninka da wanda ya gayyace ka, ban ko ɗaga kai ba na zaɓi 'ya. Wasiƙar gayyata da Rahila ta aiko ma cewa ta yi tana gayyatar mahaifinta da mahaifiyarta. Suka je Abuja, suka dawo, Mama ta kai ɗinki.

Bayan mako uku amsa ta zo, an hana su duka biyun. Takardar ta ce wadda ta gayyace su ta rubuta a takardunta na shiga ƙasar cewa iyayenta sun rasu, don haka ba a gamsu da dangantakar ba, ba a kuma gamsu cewa masu neman sun faɗi gaskiya ba. A ƙasa aka yi gargaɗi cewa in aka sake samun bayanin da ba daidai ba, za a iya rufe musu ƙofa na shekaru.

Ina karantawa na tuna. Ba Baba Saje ya haifi Rahila ba. Ƙanensa ne ya haife ta, Kofur Yakubu, wanda ya rasu a bakin aiki tana da shekara biyu, uwarta kuma ta bi shi shekara na zagayowa. Baba ya ɗauko ta ya sa a ɗakin Mama Talatu, shi ke nan. Kuma ba wai ban sani ba ne. Ina cikin matan da suka yi girki a zaman makokin Yakubu. Abin da ya fi wannan, ni da hannuna na buga takardar da aka nema wa Rahila tallafin karatu na 'ya'yan sojojin da suka rasu, da sunan Yakubu a matsayin uba. Da wannan sunan ta yi makaranta, da shi ta yi fasfo, da shi ta fita.

Kun san yadda muke a nan. Ɗan ƙanenka ɗanka ne, in kuma ƙanen ya rasu to magana ta ƙare gaba ɗaya. Wanda ya nuna yaro a gidan mutum ya ce wannan ba shi ya haife shi ba, ya yi zagi, kuma ba za a manta masa ba. Mun binne maganar sosai har ni da na buga takardar ta fita daga kaina. Ban nemi takardar haihuwar Rahila ba don ina ganin na san gidan. Dokar Malam Garba guda ɗaya ce, ita na taka.

Shekarar nan ta yi mini zafi. Kafin Lahadi labari ya gama zumuntar mata ta coci, kafin ranar kasuwa ya gama gari: Saratu ta ɓata bizar Baba Saje. Wasu suka ce hannuna ya yi sanyi, wasu suka ce tsufa ne. Masu fasfo suka koma kai aikinsu Kontagora, wasu suna tura wa samari a Abuja ta waya. Na koma buga tambayoyin jarrabawar firamare da katin biki. Ban yi musu da kowa ba, domin gaskiya suka faɗa, ni na ɓata.

Can Turai kuma aka ɗaga bikin zuwa Disamba. Dangin ango suka ce sun yi haƙuri sau ɗaya, ba za su sake ba. Rahila ta kafe a kan sai da Baba. Mama Talatu ce ta zo shago ta gaya mini, ta zauna a benci ta ce, "In tsohon nan bai je ba, ina tsoron auren nan zai watse. Shi kuma ya ce ba zai sake taka shagon kowa ba."

Hanya ɗaya ce ta rage, kuma na san ta. A sake nema, a faɗi gaskiya yadda masu biza suke fahimtar gaskiya, a amsa kuskuren farko a fili. Wato Baba Saje ya sa hannu a takardar da ta ce Rahila 'yar ƙanensa ce.

Na hau mashin na tafi Manga cikin damina. Na same shi a gona yana maimai, dawa ta kai masa ƙugu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai daina aiki ba. Na ce laifin nawa ne, kuma wannan karon ba zan karɓi ko sisi ba. Sannan na faɗa masa abin da za a rubuta.

Ya dasa fartanya a ƙasa ya miƙe. "Sake faɗi in ji."

Na sake faɗa.

"Saratu, ubanki abokina ne, shi ya sa kike tsaye a gonar nan har yanzu. Yarinyar da na goya a bayana zuwa asibiti tana ƙyanda? Ni zan sa hannu in ce ba ɗiyata ba ce? Mi zan gaya wa Yakubu in na same shi?"

"Baba, ba cewa za a yi ba taka ba ce. Cewa za a yi ba kai ka haifa ba."

"A wurinmu duk ɗaya ne."

"A wurinsu ba ɗaya ba ne, kuma ƙofar tasu ce. Akwai masu rubuta maka yadda kake so, su karɓi kuɗinka. In aka sake kamawa, ba wannan bikin kaɗai ba, ko sunan jikanka ba za ka je ba."

"Ƙarya ita ce wadda kike so in sa wa hannu," in ji shi. Ya ɗauki fartanyarsa.

Ga wani abu da ba za ku koya a waya ba. Fom gurabe ne, kowane gurbi kalma ɗaya yake ɗauka, amma an yarda mutum ya haɗa da wasiƙar bayani da shaidu, kuma a nan ne mai sana'a yake nuna kansa. Na bar Baba a gona na wuce gida wurin Mama Talatu, na tambaye ta ko akwai wata takarda da ta shafi Rahila. Ta yi dariya ta ce in zo in taya ta jawo akwati. Akwatin ƙarfe ne irin na sojoji, a ƙarƙashin gado. A ciki akwai takardar da aka aiko daga bariki ta sanar da rasuwar Yakubu, da katin asibitin yara, da katin baftisma, da sakamakon jarrabawa na kowane zango tun daga aji ɗaya har makarantar koyon jinya, kowanne da sa hannun Baba a wurin da aka ce uba ko mai riƙo. Ko ɗaya bai ɓata ba. An jera su shekara-shekara, an ɗaure da igiyar takalmin soja.

Da ya dawo da yamma ya same ni zaune a tabarma na baza su. Na ce masa, "Baba, gurbin nan kalma ɗaya ce, kuma ni zan danna, ba kai ba. Amma wasiƙar taka ce. Ka faɗi duk abin da ka yi tun ranar da ka ɗauko ta, ni kuma in sa takarda a bayan kowace magana. Wanda ya karanta ya yanke wa kansa ko wane ne kai a wurinta."

Ya daɗe yana kallon takardun. Mama Talatu ta ce, "Saje, yarinyar nan tana can tana jiran ka. Girman kai ba zai riƙe mata hannu a coci ba." Baba ya zauna a bakin tabarma. Ni ya ce wa in zo da biro.

Kwana uku muka yi a kan wasiƙar. Yana faɗa da Hausa, ina juyawa, ina karanta masa, yana gyara ni, don Turancin bariki bai bar shi ba. Soja ne, ba ya ƙari: ranar kaza na karɓi saƙo, ranar kaza na je na ɗauko ta, tana da tari. Na rage shafi shida zuwa biyu, domin mai dubawa ba shi da lokacin tarihin kowa. Muka je kotu ya yi rantsuwa, aka buga hatimi. Ya sa hannu ba tare da ya kalli layin da ke sama ba, inda aka ce Rahila 'yar ƙanensa ce.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi wuya. Dole wasiƙar gayyata ta dace da fom. Na kira Rahila na gaya mata ta sake rubutawa, ta ce tana gayyatar yayan mahaifinta da matarsa, waɗanda suka rene ta. Sai ta fashe da kuka, ta ce ba ta taɓa kiran sa haka ba ko a mafarki. Na ba ta lokaci ta gama, na ce, "Rahila, ki rubuta, ki sa hannu, ki turo kafin Juma'a." Ta turo ran Alhamis.

Ƙa'idata ce ba na tura fayil sai mai shi ya san duk abin da ke ciki, saboda ana iya kiran sa a waya a yi masa tambaya. Na so in tsallake wannan takardar ta Rahila, amma na riga na ga abin da tsallake yake jawowa. Na buga ta a firinta na karanta masa a shago, Mama na gefe. Da na kai wurin da ta kira shi yayan mahaifinta, sai ya ɗaga hannu.

"Ita ta rubuta wannan?"

"Ni na sa ta, Baba."

"Na ji. Amma hannunta ne a ƙasa?"

"Hannunta ne."

Ya gyaɗa kai ya ce in ci gaba. Na karanta har ƙarshe. Ya tashi ya ce wa Mama su tafi kada mota ta wuce su.

Suka sake bin hanyar Abuja, aka sake ɗaukar yatsun da aka ɗauka watanni kaɗan da suka wuce, kamar a tsakani sun canza. Muka shiga jira. Mako uku ya wuce, na huɗu ya wuce, aka fara yankan dawa. Kullum da safe kafin in share shago sai na duba saƙo. Mama ta daina zuwa tambaya, sai dai ta aiko a duba fuskata.

Saura kwana goma sha biyu biki fasfo suka iso cikin ambulan. Ba na buɗe ambulan ɗin mutum a bayansa, don haka na aika Manga. Baba ya zo shi kaɗai da hantsi, ya zauna, ya ce in buɗe. Na buɗe nasa, ga biza manne a shafi. Na buɗe na Mama, ga tata. Na miƙa masa, ya sa tabarau ya duba hotonsa, ya duba kwanan wata, ya rufe ya sa a aljihun gaba ya maɓalle.

Na ɗauka zai tashi, sai ya ce, "Takardar nan da Rahila ta rubuta, tana nan?"

Na ce tana cikin fayil.

"Ba ni. Ta cikin injin fa?"

Na ce ita ma tana nan. Ya zagayo bayan teburina, abin da ba na barin kowa ya yi, ya tsaya a kaina har na nemo ta na goge, na shiga kwandon shara na kwamfuta na sake gogewa. Na ce masa gaskiya ita ce akwai kwafi a wurin masu biza, wannan kam ba ni da iko da ita.

"Tasu su riƙe, su suka nema," in ji shi. "Amma ba za ta kwana a Zuru ba."

Ya fita da takardar a hannu. A ƙofar shagon da ke kusa da nawa akwai mai suyar ƙosai, ba ta kashe wuta ba tukuna. Ya gaishe ta, ya sunkuya ya tura takardar ƙarƙashin kasko, ya tsaya dogare da sandarsa har ta cinye. Sannan ya dawo ya leƙo ta ƙofa.

"Saratu, ke da kika san ƙasashen nan. A wannan sanyin nasu, wane irin takalmi uban amarya yake sawa?"